Adireshin Yarwa: Rigakafin Tarkacen Wasiƙun Imel

(Kiɗan buɗe shiri)

  Mas'alar da za mu duba yau ta shafi duk wanda ya mallaki adireshin imel, har da wanda bai san ya mallaka ba, domin galibin wayoyin da ke aljihunmu, musamman masu aiki da Android, ba a cin cikakkiyar moriyarsu sai an buɗe musu asusun Google, kuma sau da yawa mai sayar da wayar ne, ko wani yaro mai wayo a gida, ya buɗe wa mutum asusun ya miƙa masa wayar, shi ke nan.

Duk wanda ya taɓa leƙa akwatin wasiƙunsa na imel bayan ya kwana biyu bai duba ba, ya san irin tarkacen da yake tararwa: wannan yana tallan magani, wancan yana yi masa albishir da cin gasar da bai taɓa shiga ba, wani yana cewa bankinsa zai rufe asusunsa in bai latsa wani wuri nan take ba, har ta kai ga wasiƙar da yake jira da gaske, ta makaranta ko ta neman aiki, ta nutse a cikinsu bai gani ba sai bayan wa'adinta ya wuce. Irin waɗannan wasiƙu su ne wayarku ke tarawa a akwatin da aka rubuta wa Spam. Yau za mu yi bayanin wata dabara ta rage su, wato amfani da adireshin yarwa, da fa'idojinsa, da sharuɗɗansa, da kuma wuraren da amfani da shi ke zama hasara.

Kafin a kai ga magani, ya kamata a san asalin cutar. A shekarar 1971 ne wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ya aika da saƙo na farko daga wata kwamfuta zuwa wata a kan hanyar sadarwar da ake kira ARPANET, wadda ita ce kakar intanet ɗin yau, kuma shi ne ya zaɓi alamar nan mai kama da harafin "a" a cikin da'ira don ta raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. Masu amfani da hanyar a wancan zamani 'yan kaɗan ne, malaman jami'a da masu bincike, waɗanda kusan kowa ya san kowa, saboda haka aka gina tsarin bisa amana, ba a sa masa wani mai gadi da zai tambayi mai aiko da wasiƙa ko shi wane ne ba. Shekara bakwai kacal bayan haka, a watan Mayu na 1978, wani mai tallan kamfanin kwamfuta na DEC, Gary Thuerk, ya aika wa mutum kimanin 400 wasiƙar talla guda a lokaci ɗaya ba tare da sun nema ba, kuma ko da yake an yi masa ca, ya riga ya nuna wa na baya hanya. A 1994 wasu lauyoyi biyu, miji da mata, Canter da Siegel, suka cika dandalin tattaunawa na intanet da tallan taimaka wa mutane shiga cacar bizar zama a Amurka, irin tallan da har yau bai daina yawo a wayoyin matasanmu ba. A 2003 Amurka ta kafa doka a kan lamarin, a farkon 2004 kuma Bill Gates ya yi hasashen cewa cikin shekara biyu za a ga bayan matsalar. Shekaru sun shuɗe, ga shi har yanzu masana tsaron intanet na ƙiyasta cewa kusan rabin wasiƙun imel da ke yawo a duniya tarkace ne.

Mai hankali zai tambaya, me ya sa masu wannan sana'a ba sa gajiya, alhali kusan kowa share wasiƙunsu yake yi? Amsar tana cikin lissafin kasuwanci. Wanda zai aika takarda ta gidan waya sai ya sayi takarda da ambulan da kan sarki, don haka dole ya yi tunani kafin ya aika. Amma wanda zai aika imel miliyan, abin da zai kashe bai taka kara ya karya ba, balle ma da yawansu da kwamfutocin bayin Allah suke aikawa, waɗanda suka cusa wa muguwar manhaja ba da sanin masu su ba. A 2008 wasu masu bincike na jami'ar Kalifoniya suka kutsa cikin irin wannan rundunar kwamfutoci da aka sace, suka bi sawun wasiƙun tallan magani kusan miliyan 350, sai suka tarar mutum 28 ne kawai suka yi yunƙurin saye. Ku dubi wannan adadi da kyau. Idan ɗawainiyar aikawa kusan kyauta ce, to mutum ɗaya da ya faɗa tarko cikin miliyoyi ya isa ya sa a sake aikawa gobe. Saboda haka jarin mai wannan sana'a shi ne yawan adiresoshin da ke hannunsa, kuma daga nan ne za mu gane cewa rigakafin ya rataya ne a kan yadda adireshinmu ke fita daga hannunmu.

(Gajeren kiɗa)

To, ta ina adireshin mutum yake isa ga wanda bai taɓa ba shi ba? Hanyoyin sanannu ne. Akwai manhajojin da aikinsu dare da rana shi ne bin shafukan intanet suna tsintar duk wani rubutu mai ɗauke da alamar nan ta imel, don haka wanda ya rubuta adireshinsa a fili, a ƙarƙashin wata sanarwa ko a shafin sada zumunta, ya riga ya ba da shi ga duniya. Akwai kuma masu cinke, waɗanda ke haɗa sunayen da suka yawaita da lambobi, su yi ta aikawa, wanda ya dace ya dace. Mai suna irin namu da dubban mutane ke amsawa, ya ƙara da shekarar haihuwarsa a ƙarshe, ba shi da wuyar cinka. Hanya ta uku ita ce ciniki: wani shafi ya ce ka sa adireshinka ka karɓi littafi kyauta, ko ka shiga gasa, ko ka ga guraben aiki, alhali haƙiƙanin hajarsa ita ce jerin sunayen da yake tarawa yana sayarwa. Ta huɗu, wadda ta fi sauran muni, ita ce sata daga rumbun kamfanoni. Kamfanin Yahoo ya amsa a 2017 cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusunsa, kimanin biliyan 3. Na LinkedIn an yi masa kutse a 2012, bayan shekara huɗu kuma bayanan mutum fiye da miliyan 100 suka bayyana a kasuwar ɓarayin intanet. Idan manya irin waɗannan, da dukiyarsu da injiniyoyinsu, an shiga rumbunsu, ina ga ƙaramin shafin da mutum ya yi rajista a kansa don ya sauke wani karatu ko ya duba sakamakon wasan ƙwallo?

Abin lura a nan, masu sauraro, shi ne cewa hanya uku daga cikin huɗun nan suna farawa ne daga lokacin da mu da kanmu muka rubuta adireshinmu a wani wuri. Kuma adireshin imel, da zarar ya fita, ba ya komowa, domin ana kwafarsa daga jeri zuwa jeri, ana sayarwa ana sake sayarwa, har mai shi ya gaji ya gudu ya bar shi, tare da duk wata hulɗar arziki da ya ƙulla a kansa.

Hikimar adireshin yarwa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin magabatanmu da suka tsara gida sun sa zaure a bakin ƙofa, inda mai gida ke ganawa da baƙo da mai talla da mai neman a yi masa kwatance, ba tare da ɗayansu ya san yadda cikin gida yake ba, sai wanda aka amince da shi ake yi wa iso. Haka adireshin yarwa yake: adireshi ne da mutum ke miƙa wa wanda bai gama amincewa da shi ba, wasiƙa ta iso masa ta nan, adireshinsa na asali kuwa yana ɓoye, ran da ya ga wurin ya fara kawo masa shirme sai ya rufe shi, bai yi hasarar komai ba. Iri uku ne, kuma wajibi ne a bambance su, domin kowanne da hukuncinsa.

Na farko shi ne adireshin ɗan lokaci. Mutum zai shiga wani shafi, nan take a ba shi adireshi, ba a tambaye shi suna ba, ba a tambaye shi kalmar sirri ba, ya kwafa ya kai inda ake nema, wasiƙar tabbatarwa ta iso ya karanta, bayan ɗan lokaci komai ya goge. Daga cikin tsofaffin masu wannan hidima akwai Mailinator, wanda Paul Tyma ya kafa a 2003, da Guerrilla Mail, mai share wasiƙa bayan awa ɗaya, da 10 Minute Mail, wanda adireshinsa ke mutuwa bayan minti 10 sai fa in mutum ya nemi ƙari. Wannan iri ya dace da hulɗar da ba za a sake komawa kanta ba: shafin da ya ce sai ka sa imel kafin ka karanta maƙala guda, ko intanet ɗin kyauta na filin jirgi ko na otal da ke neman adireshi kafin ya buɗe maka. Amma a kula ƙwarai, akwatunan kyauta na Mailinator a buɗe suke ga kowa. Duk wanda ya rubuta sunan da ka zaɓa zai ga wasiƙar da aka aiko maka, kamar yadda kai ma za ka ga tasa.

Na biyu shi ne yi wa adireshinka na asali laƙabi, kuma wannan yana hannun duk mai Gmail tun yanzu, ba sai ya sauke komai ba. Ga yadda ake yi, a saurara da kyau. Ka rubuta sunan adireshinka kamar kullum, amma kafin ka sa alamar imel sai ka sa alamar tarawa, wadda yara ke amfani da ita a darasin lissafi, ka bi ta da kowace kalma ka ga dama, alal misali kalmar kasuwa, sa'an nan ka ƙarasa adireshin yadda yake. Duk wasiƙar da aka aiko wa wannan sabon adireshi akwatinka za ta faɗo, domin Gmail ba ya la'akari da abin da ya biyo bayan alamar tarawa wajen isar da saƙo, amma kalmar tana nan a rubuce a kan wasiƙar. Fa'idar haka biyu ce. Idan ka ba wani kanti adireshi mai laƙabin sunansa, bayan wata biyu kuma ka ga tallan maganin ƙarfi ya zo ta wannan laƙabin, ka sami hujja a kan inda adireshinka ya zurare. Sa'an nan kana iya umartar akwatinka da ya riƙa zubar da duk abin da ya zo ta wannan laƙabi kai tsaye. Rauninsa kuwa a bayyane yake, domin adireshinka na gaskiya yana nan a cikin laƙabin, mai wayo yana iya goge ƙarin ya sami asalin, kuma wasu shafukan ba sa karɓar adireshi mai alamar tarawa.

Na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran amfani ga mai hulɗa da intanet yau da kullum, shi ne adireshin wakili. A nan wani kamfani ne ke tsayawa tsakaninka da masu aiko maka da wasiƙa: duk lokacin da za ka yi rajista a wani wuri sai ya ƙirƙiro maka sabon adireshi na haruffa barkatai wanda bai da alaƙa da sunanka, wasiƙar da aka aika can ya karɓa ya miƙo ta akwatinka na asali, in ka ba da amsa kuma, a yawancinsu, ta koma ta hannunsa ba tare da an ga adireshinka ba. Wannan adireshi ba ya mutuwa da kansa. Yana nan shekara da shekaru har ran da ka kashe shi da latsawa guda. Kamfanin Apple ya fara ba masu wayoyinsa irin wannan a 2019, ya faɗaɗa shi a 2021 ga masu biyan kuɗin iCloud. Mozilla, masu manhajar Firefox, sun fito da nasu mai suna Firefox Relay a 2020, suna ba da adadi ƙayyadadde kyauta, mai son ƙari ya biya. DuckDuckGo sun buɗe nasu ga kowa a 2022, kyauta, kuma suna ƙarawa da wata hidima, wato cire 'yan leƙen asirin da ke ɓoye cikin wasiƙa. Akwai kuma SimpleLogin, wanda kamfanin Proton na ƙasar Suwizalan ya saya a 2022.

Batun 'yan leƙen asirin nan yana buƙatar ɗan sharhi, domin mutane da yawa ba su san da shi ba. Masu talla sukan dasa wani hoto ɗan mitsitsi, wanda ido ba ya gani, a cikin wasiƙa, kuma hoton yana zaune ne a kwamfutarsu, saboda haka da zarar ka buɗe wasiƙar, aka je ɗauko hoton, sun san cewa an buɗe, sun san lokacin da aka buɗe, sun kuma tabbatar cewa akwai rayayyen mutum a bayan wannan adireshi. Adireshin da aka tabbatar yana da rai ya fi tsada a kasuwarsu. Wannan ne dalilin da ya sa buɗe wasiƙar banza don ganin ƙwaƙwaf, balle ba ta amsa da zagi, ke ƙara jawo wasu.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a masu sauraro, ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna bayani ne a kan adireshin yarwa. Mun faɗi fa'idojinsa, yanzu kuma sai iyakokinsa, domin wanda ya koya wa mutum shan magani bai gaya masa ƙa'idarsa ba, bai cika amana ba.

Sharaɗi mafi girma shi ne wannan: duk abin da za ka yi baƙin cikin rasa shi, kada ka ɗaura shi a kan adireshin ɗan lokaci. Dalili kuwa shi ne, a tsarin intanet na yau adireshin imel shi ne mabuɗin sauran mabuɗai; ran da ka manta kalmar sirrinka ta wani wuri, can za a aika maka da hanyar sabunta ta, in kuwa adireshin ya riga ya mutu, to ƙofa ta rufe da kai a waje, in kuma akwatin na kowa da kowa ne, wani yana iya karɓar saƙon ya shige asusunka. Saboda haka asusun banki, da rajistar jarrabawar JAMB ko ta WAEC, da neman gurbin karatu ko tallafinsa, da fasfo, da biza, da kujerar aikin Hajji, da neman aiki, da sakamakon asibiti, duk waɗannan sai da adireshi tabbatacce wanda mutum ya riƙe kalmar sirrinsa da kansa. A nan muna jan hankalin iyaye da ɗalibai musamman: idan aka je shagon intanet don yin rajista, kada a bar mai shago ya sa adireshinsa ko wanda ya ƙirƙira ya riƙe sirrinsa, domin wata rana za a nemi saƙon da ya shiga can, a rasa.

Na biyu, adireshin wakili amana ce da ka damƙa wa kamfanin da ke tsakani, tun da kowace wasiƙa sai ta ratsa ta hannunsa kafin ta iso gare ka, kuma in ya rufe harkarsa, adiresoshin da ya ba ka sun tafi tare da shi. Don haka a zaɓi wanda aka san shi, aka san tarihinsa, a guji kowace manhaja da aka tsinta a hanya. Na uku, wasu shafuka suna da jerin sunayen gidajen adireshin yarwa, suna ƙin karɓarsu, kuma wannan haƙƙinsu ne. Na huɗu, adireshin yarwa yana rage yawan tarkace ne kawai. Ba ya mayar da wasiƙar ƙarya ta zama gaskiya. Wasiƙar da ta ce ka aiko da lambar katinka ko lambar BVN, ko ka biya wani ɗan kuɗi kafin a sakar maka gado ko kyauta, zamba ce ta kowace ƙofa ta shigo, irin wadda sashe na 419 na kundin laifuffukan Nijeriya ya yi wa suna tun da daɗewa.

Akwai kuma tambayar da ta kamata mai tsoron Allah ya yi: shin ɓoye adireshi ba wani nau'i ne na yaudara ba? Abin da ya bayyana a gare mu shi ne, suturta sirrin kai halas ne, kuma babu wajibci a kan mutum ya bayyana wa kowane mai talla inda yake, matuƙar bai ci haƙƙin kowa ba. Amma kayan aiki yana bin niyyar mai riƙe da shi. Wanda ya buɗe adireshi goma don ya karɓi kyautar da aka ce mutum ɗaya sau ɗaya, ko ya jefa ƙuri'a sau goma a wata gasa, ko ya fake a bayan adireshin da ba a san mai shi ba yana cin mutuncin bayin Allah da ƙazafi da annamimanci, wannan ya fita daga babin kare kai ya shiga babin algus da zalunci. Kuma kada ya ruɗu cewa ba a ganinsa, domin adireshin yarwa yana ɓoye mutum ne daga ɗan talla, amma sawun na'urarsa yana nan a rubuce a wurare da dama, hukuma na iya bi in ta tashi.

Ta fuskar doka ma mai sauraro yana da haƙƙin da ya kamata ya sani. A Nijeriya an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023, aka kafa hukumar da ke kula da ita, kuma dokar ta ba mutum ikon ya ce bai yarda a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla ba. Gana tana da tata dokar tun 2012, Tarayyar Turai kuma tata ta fara aiki a watan Mayu na 2018. Daga farkon 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka tsaurara wa masu aika wasiƙu da yawa, suka wajabta musu tabbatar da ko su wane ne, da kuma sa wurin da mutum zai latsa sau ɗaya ya fita daga jerinsu. Saboda haka idan wasiƙar talla ta fito daga kamfanin da ka sani, ka kuma tuna ka taɓa hulɗa da shi, ka yi amfani da wannan wurin fita. Idan kuwa ba ka san mai aikowa ba, kada ka latsa komai a cikinta. Ka yi mata alamar tarkace, domin kowace alama da ka yi tana koya wa matatar akwatin gane irinta, kai ka huta, wasu ma su huta. Masu fama da irin wannan talla ta saƙon tes a layukan Nijeriya kuwa, hukumar sadarwa ta NCC ta tanadi lamba 2442, inda ake aika kalmar STOP don a dakatar da su.

Wanda yake son ya san ko adireshinsa ya riga ya faɗa hannun ɓarayi, akwai shafin da wani masanin tsaro ɗan ƙasar Ostareliya, Troy Hunt, ya buɗe a 2013, mai suna Have I Been Pwned, inda mutum zai rubuta adireshinsa kawai, ba tare da kalmar sirri ba, a nuna masa kutsen da aka sani wanda ya rutsa da shi. In ya ga sunansa a ciki, kada hankalinsa ya tashi. Abin da ya wajaba shi ne ya canja kalmar sirrin wannan wuri, da ta duk wani wurin da ya maimaita ta, ya kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke neman wata lamba daga wayarsa bayan kalmar sirri.

(Gajeren kiɗa)

Bilhasali, tsarin da muke ba da shawara a bi mai sauƙi ne, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Mutum ya ware adireshi ɗaya na asali, ya killace shi ga banki da makaranta da hukuma da wurin aiki da 'yan'uwa na jiki, kada ya rubuta shi a fili ko'ina. Ga kantunan intanet da jaridu da manhajojin da zai ci gaba da hulɗa da su, ya ba kowanne adireshin wakili nasa na daban, in hakan ya yi masa nauyi ya buɗe adireshi na biyu na musamman don su, ko ya yi amfani da laƙabin alamar tarawa. Ga wurin da zai shiga sau ɗaya ya fita, adireshin ɗan lokaci ya wadatar. Ma'aunin da zai raba masa waɗannan ukun tambaya ɗaya ce da zai yi wa kansa duk lokacin da aka ce ya rubuta imel: in na rasa wannan hulɗa gobe, me zan yi hasara? Gwargwadon nauyin amsar, gwargwadon adireshin da zai bayar.

Muna roƙon matasa da Allah ya hore wa sanin waɗannan na'urori da su zauna da iyayensu da ƙannensu, su duba musu adireshin da ke kan wayoyinsu, su tabbatar kalmar sirrin tana hannun mai wayar, su kuma nuna musu yadda ake yi wa wasiƙar banza alama. Malaman makarantu da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma su isar da wannan bayani ga na ƙasa da su, domin rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya ji ya isar wa wanda bai ji ba yana da ladansa.

A nan za mu dasa aya. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu da mutuncinmu daga sharrin mazambata, ya sa abin da muka ji ya amfane mu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)